Jan Takalmi: Judy Garland da Masu Ci da Guminta

A watan Disamba na 2024 aka yi gwanjon wani tsohon takalmi a birnin Dallas na ƙasar Amurka. Takalmin mata ne, ja, an lulluɓe shi da 'yan ƙyalƙyali, ya kuma haura shekara 85 da ɗinkawa. Masu saye suka yi ta tayi har farashi ya tsaya a dala miliyan 28. Da aka ɗora la'adar masu gwanjo, wanda ya saya sai da ya biya dala miliyan 32 da rabi.

Yarinyar da ta sa wannan takalmi a fim ɗin The Wizard of Oz, dala 500 ake biyan ta a mako. Shekarunta 16. Biyu daga cikin mazan da suka take mata baya a fim ɗin, Ray Bolger da Jack Haley, dala 3,000 kowannensu yake karɓa a mako. Ɗan karen da take yawo da shi a hannu, ana biyan mai shi dala 125. An yi kamar wata biyar ana ɗauka, saboda haka duk abin da ta samu a fim ɗin da ya kai sunanta ko'ina a duniya dala dubu 10 ne ko kusa da haka.

Sunanta Judy Garland. Da yawanmu ba mu taso da ita ba. Fina-finan Indiya muka taso da su, in an ce tauraruwar da ta fara tun tana yarinya, Sridevi ce za ta faɗo mana a rai. Mu ma ba a silima muka san ta ba. Sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma wani dare muna cikin aiki YouTube ya jefo mana wata 'yar ƙaramar mata ramammiya, a hoton talabijin mai baƙi da fari, tana waƙa kamar ranta zai biyo muryar ya fita. Daga nan muka shiga bin diddigi. Abin da aka fi faɗa a kanta shi ne ƙwaya ce ta kashe ta, kuma gaskiya ne. Sai dai wanda ya tsaya nan ya kama labari ta wutsiya. Kafin ƙwaya akwai aiki, kuma aikin nan an ɗora mata shi tun ba ta iya ɗaura zani ba.

An haife ta ranar 10 ga Yuni 1922 a wani ƙaramin gari mai suna Grand Rapids, a jihar Minesota. Sunan yankanta Frances Ethel Gumm, ita ce auta a cikin 'yan mata uku. Mahaifinta Frank yana kula da gidan silima a garin, mahaifiyarta Ethel kuma tana kaɗa piyano a gidan, don a lokacin fina-finai ba su da murya, sai an yi musu kiɗa. Tsakanin fim da fim iyalin kan hau dandamali su yi waƙa da rawa. A wasan Kirsimeti na 1924 aka fito da auta, tana da shekara biyu da rabi, ta rera “Jingle Bells”. A gidan ana ba da labarin cewa da ta ji tafi sai ta ƙi sauka, ta yi ta maimaitawa har uban ya zo ya ɗauke ta. Ana faɗin wannan labari don a nuna ita ta so. Yarinya 'yar shekara biyu da rabi kuwa, ko alewa ka miƙa mata ba za ta ce ta ƙoshi ba.

A 1926 iyalin suka koma Kalifoniya, suka zauna a garin Lancaster, fiye da kilomita 100 daga Los Angeles. Ethel ta mayar da wannan hanya kamar ta rijiya. Kullum tana cikin mota da 'yan matan uku, daga makarantar rawa zuwa gidan rediyo, daga gwaji zuwa dandamali. A 1929 suka fito a wani gajeren fim. Ana cikin haka tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, gidan silimar uban ya yi ta ja da baya, kuɗin cefane ya koma fitowa daga maƙogwaron auta. Kowa ya san yadda gida kan kasance idan tallar yarinya ce ke ɗora tukunya: ba wanda ke tambayar ta ko ta gaji. Gerald Clarke, wanda ya rubuta tarihinta a littafin da ya fito a 2000, ya nuna cewa uwar ce ta fara ba 'yan matan ƙwayar ƙarin kuzari da ta barci, tun auta ba ta kai shekara 10 ba.

A 1934, a wani gidan wasa a Shikago, ɗan barkwanci George Jessel ya ga sunan Gumm yana sa 'yan kallo dariya, aka sauya musu zuwa Garland. Ba da jimawa ba Frances ta zaɓar wa kanta Judy. Wannan yana cikin 'yan abubuwa kaɗan da za a ce ita ta zaɓa a shekarun nan.

A watan Satumba na 1935 kamfanin MGM ya ɗauke ta, tana da shekara 13, a kan dala 100 a mako. Wata biyu bayan haka sanƙarau ya kashe mahaifinta, wanda shi ne ta fi shaƙuwa da shi a duniya.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya mu dubi MGM, don ba a fahimtar sauran labarin sai da shi. Masana'anta ce, ba ƙungiyar 'yan wasa ba. Tana fitar da fim kusan ɗaya kowane mako, tana alfahari cewa taurarinta sun fi na sama yawa. A cikin harabarta akwai makarantar yara, da ɗakin cin abinci, da likitoci, da 'yan sandanta na kanta. Shugabanta Louis B. Mayer yana son a ɗauke shi uba. Kwantiragin da ake ba ɗan wasa na shekara bakwai ne, amma ƙofar fita ɗaya ce, kuma makullin yana hannun kamfani: lokaci-lokaci kamfani yana da damar sallamar ka, kai ba ka da damar tafiya. In ka ƙi fim, a dakatar da kai ba albashi, a kuma ƙara kwanakin dakatarwar a ƙarshen shekara bakwai ɗin. Sai a 1944, da 'yar wasa Olivia de Havilland ta kai kamfanin Warner Bros. ƙara ta yi nasara, kotu ta ce shekara bakwai ta kalanda ce, ba ta lissafin kamfani ba.

Doka ba ta yi wa yaran fim wani abin kirki ba. Dokar ƙwadago ta tarayya ta 1938, wadda ta taƙaita aikin yara a masana'antu, ta tsame yaran fim da na dandamali daga ciki. A shekarar ce kuma Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a The Kid a 1921, ya kai uwarsa da mijinta kotu, don ya girma ya tarar sun cinye miliyoyin da ya tara. Abin da ya tsira da shi dala 126,000 ne. Kunyar wannan shari'a ta sa Kalifoniya ta yi dokar da ake kira da sunansa a 1939, amma an bar mata ƙofofi da yawa a buɗe. Sai a 2000 aka wajabta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin yaro a asusun da ba mai taɓawa sai ya girma. Kuma ko ita a lokacin ba ta san da yaran da iyayensu ke ɗauka da waya suna sakawa a intanet ba. Jihar Ilinoy ce ta fara toshe wannan kafa, da dokar da ta fara aiki a Yuli 2024. Mu masu gina manhajojin da ke ƙirga yawan kallo, muna kuma raba kuɗin talla bisa wannan ƙidaya, ba mu da bakin cewa tarihin 1938 bai shafe mu ba.

MGM ta sayi murya, sai ta tarar da yarinya a manne da ita, ta rasa yadda za ta yi da yarinyar. Ta wuce shekarun yaran fim irin su Shirley Temple, ba ta kai na manyan mata ba. Tsayinta bai wuce santimita 151 ba, tana da 'yar ƙiba ta ƙuruciya, ga ta a makaranta ɗaya da irin su Lana Turner. Aka yi mata murfin haƙora na cirewa, aka riƙa cusa mata 'yan robobi a hanci don ya miƙe a kyamara. Ita da bakinta ta sha faɗa cewa Mayer yakan yi mata laƙabi da 'yar ƙusumbi, kuma in ta je ɗakin abinci, ko me ta nema romon kaza za a ajiye mata. Wanda ya tsaya mata a gidan shi ne Roger Edens, mai tsara kiɗa. Shi ya shirya mata waƙar da ta rera a bikin ranar haihuwar Clark Gable a 1937, wadda ta burge manya har aka sa ta a fim ɗin Broadway Melody of 1938.

Maganar ƙwaya tana buƙatar adalci. Amfetamin sabon magani ne a shekarun 1930, likitoci suna rubuta shi don rage ƙiba da kore gajiya, ba a kuma ɗauki haɗarinsa da muhimmanci ba. Judy ta ce kamfani ne yake ba su shi, ita da abokin aikinta Mickey Rooney, don su yi aiki dare da rana, sannan a ba su na barci, bayan 'yan awanni a tashe su a sake ba su na farko. Rooney ya musanta, ya ce ba wanda ya ɗura mata komai. Judy kuma gwanar ba da labari ce, takan ƙara gishiri don a yi dariya. To amma ko mun ɗauki maganar Rooney, jadawalin aikin yana nan a rubuce, umarnin ta rame yana nan, kuma yarinyar da aka hana abinci aka ce ta yi rawa yini guda dole wani abu ya riƙe ta a tsaye. Wanda ya tsara jadawalin ba sai ya miƙa ƙwayar da hannunsa ba.

An fara ɗaukar The Wizard of Oz a Oktoba 1938, aka gama a Maris 1939, ya ci kusan dala miliyan 2.8. Labarin wata yarinya ce, Dorothy, da guguwa ta sure daga gonarsu a Kansas ta jefa wata ƙasa ta al'ajabi, tana neman hanyar gida tare da mutum-mutumin gona, da mutumin kwano, da zaki matsoraci. A littafin L. Frank Baum na 1900 takalmin na azurfa ne. An mayar da shi ja ne don ya haska a sabuwar fasahar fim mai launi. Fasahar tana buƙatar fitilu masu tsananin zafi, kuma wurin aikin ya ci mutane. Buddy Ebsen, wanda aka fara ɗaukar fim ɗin da shi a matsayin mutumin kwano, ya shaƙi garin alminiyon da ake shafa masa har aka kwantar da shi asibiti, aka ba Haley gurbinsa. Margaret Hamilton, mai fitowa a matsayin mayya, ta ƙone a fuska da hannu. Judy kuwa aka ɗaure mata ƙirji tam don ta koma kamar 'yar shekara 12.

Waƙar da ta zame mata suna har kabari, “Over the Rainbow”, Harold Arlen ya yi kiɗanta, Yip Harburg ya rubuta baitocinta. Saura kaɗan a cire ta, don wasu manya na ganin tana jan fim ɗin baya, kuma bai dace tauraruwar MGM ta tsaya waƙa a bayan rumbu ba. Ita ce ta ci Oscar ta waƙa. Wanda ya saurare ta yau zai lura ba ta yi wani ƙwalisa ba, ba ta ja murya don a san ta iya ba. Tana faɗin kalmomin ne kamar yanzu suka zo mata. Wannan ita ce baiwarta, kuma ba Edens ko Mayer ne suka ba ta ba.

Da fim ɗin ya buɗe a gidan Capitol na Niyok a Agusta 1939, aka tura ta da Rooney su riƙa hawa dandamali tsakanin nuni da nuni, sau biyar a rana. A Fabrairu 1940 aka ba ta ƙaramar Oscar ta yara, wadda ita kaɗai ce ta taɓa riƙewa. Fim ɗin bai mayar da kuɗinsa ba sai da aka sake fitar da shi a 1949, kuma bai zama abin da kowane yaro a Amurka ya sani ba sai da talabijin ta fara nuna shi daga 1956.

Daga nan sai aiki a kan aiki. Ita da Rooney sun yi fina-finai kusan goma tare. A 1941, tana da shekara 19, ta auri makaɗi David Rose ba da son kamfani ba. Da ta samu ciki, masu tarihinta sun haɗu a kan cewa uwarta da mijin da kamfani suka matsa aka zubar, don tauraruwar da ake sayarwa a matsayin yarinya ba za ta fito da goyo ba. Auren ya mutu a 1944. A shekarar ce ta yi Meet Me in St. Louis, inda mai kwalliya Dorothy Ponedel ta dubi murfin haƙoran da robobin hancin ta ce a ajiye su, ba ta buƙata. Shekara tara tana gidan kafin wani ya ce fuskarta ta isa. Ta auri daraktan fim ɗin, Vincente Minnelli, a 1945, ta haifi Liza a Maris 1946.

Jiki kuwa ya fara karɓar bashinsa. A lokacin ɗaukar The Pirate a 1947, cikin kwana 135 na aiki ba ta zo ba a 99. Aka kwantar da ita asibitin masu taɓin hankali, ta fito, aka sa ta a Easter Parade tare da Fred Astaire, ya zama fim ɗin da ya fi kawo wa MGM kuɗi a 1948. Kamfani ya ga riba, ya manta da asibiti. Aka ba ta The Barkleys of Broadway, ta kasa, aka kira Ginger Rogers. Aka ba ta Annie Get Your Gun a 1949 ƙarƙashin Busby Berkeley, daraktan da ya taɓa wahalar da ita har ta faɗi a lokacin Girl Crazy, ta kasa, aka kira Betty Hutton. Ta yi jinya a Boston, ta dawo da ƙiba da ɗan lafiya, ta yi Summer Stock. Bayan an gama ɗauka aka ga ana buƙatar ƙarin waƙa ɗaya, ta je ta rame cikin 'yan makonni, ta dawo ta yi “Get Happy”. Bambancin jikinta a wannan fitowa da sauran fim ɗin ya kai har 'yan kallo suka zaci tsohon hoto aka liƙa. Ita ce kuma fitowar da aka fi yabo. A Yuni 1950 aka dakatar da ita daga Royal Wedding, aka kira Jane Powell. Kwanaki kaɗan bayan haka ta yanki wuyanta da fasasshen gilashi. Raunin bai yi zurfi ba, amma jaridu sun samu abin bugawa. A Satumba ita da MGM suka rabu. Shekarunta 28, ta yi musu shekara 15 da fina-finai sama da 25.

A sana'armu, idan na'ura ɗaya ce ke ɗauke da aiki mai muhimmanci, mukan ajiye wata a gefe, ta farko na faɗuwa ta biyu ta karɓa, mai amfani bai ma san an yi ba. Mun daɗe muna karanta wannan tarihi a matsayin tsarin da ya lalace. Daga baya muka lura ba abin da ya lalace. Rogers, Hutton, Powell: duk sanda ta faɗi akwai ta gefe, fim ya fito, kuɗi ya shigo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma wannan gardin yana da wasu kurayen a ɗaure a bayan gida.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da masu son labarin tausayi suke tsallakewa, alhali nan ne ta nuna ko ita wace ce. Ba aiki, ba kuɗi, Holiwud ta yi mata tambarin wadda ba a dogara da ita. A Afrilu 1951 ta hau dandamalin Palladium a Landan. A daren farko ta yi tuntuɓe ta faɗi zaune a gaban jama'a, ta tashi tana dariya, aka yi dariya tare da ita, ta yi mako huɗu gida cike. A Oktoba ta buɗe a gidan Palace na Niyok, ta yi mako 19, abin da ba wanda ya taɓa yi a gidan. A nan ta ƙirƙiro abin da ya zama alamarta: a ƙarshen wasa, tana sanye da tsummokaran ɗan yawo, fuska duk gawayi, sai ta zauna a bakin dandamali ta sauke ƙafafu, ta rera waƙar bakan gizo ba tare da makirufo ba. Yarinyar da aka yi shekaru ana gyara wa hanci ta gano cewa in ta fito a mafi munin shiga ma, murya ta ishe ta.

A 1952 ta auri Sid Luft, wanda ya shirya mata wannan dawowa, ta haifi Lorna. A Janairu 1953 aka tsinci gawar mahaifiyarta a wurin ajiye motoci na kamfanin jiragen sama na Douglas, inda take ɗan ƙaramin aiki. Ba sa magana da juna a lokacin. Ba ma son mu mayar da Ethel dodo. Mace ce da ta ga ƙofa ɗaya ta fita daga talauci, ta tura 'yarta ta ciki, ƙofar ta rufe ta bar ta a waje.

Ita da Luft suka shirya A Star Is Born a 1954, George Cukor ya ba da umarni, James Mason ya fito a matsayin mijin da giya ke cinyewa yayin da tauraron matarsa ke hawa. Duk wanda ya san ta ya san rayuwarta ta fi kama da ta mijin, ita kuma aka ba ta matsayin mai jinya. Wataƙila shi ya sa wasan ya fito haka. Fim ɗin ya kai awa uku. Masu gidajen silima suka koka cewa tsawonsa na rage musu yawan nuni a rana, sai Warner Bros. ya datse kusan rabin awa ba tare da Cukor ba, fim ɗin ya yi asara. Sai a 1983 aka harhaɗa abin da aka iya samu, inda hoto ya ɓace aka cike da hotuna marasa motsi. A daren Oscar na Maris 1955 tana gadon asibiti, ta haifi ɗanta Joey kwana ɗaya kafin nan. 'Yan talabijin suka kafa kyamarori a ɗakin don kowa ya sakankance ita ce. Aka kira sunan Grace Kelly, suka naɗe wayoyinsu suka fita.

A ƙarshen 1959 ciwon hanta ya kwantar da ita, likitoci suka ce da wuya ta sake waƙa. Ranar 23 ga Afrilu 1961 ta tsaya a Carnegie Hall ta yi waƙa sama da 20 a dare ɗaya. Faifan wannan dare ya yi mako 13 a saman jerin ciniki a Amurka, ya ci Grammy huɗu, ciki har da ta kundin shekara, kuma ita ce mace ta farko da ta ci wannan. In mai karatu zai saurari abu ɗaya nata, wannan muke ba da shawara, ba fim ɗin yarinta ba. Muryar ta yi kauri, tana rawa a wasu wurare, ta manta baiti a wata waƙa ta yi wasa da abin ta wuce. A shekarar kuma ta fito a Judgment at Nuremberg, ba waƙa ko ɗaya, aka sake sa sunanta a takarar Oscar.

Kuɗin fa? Shi ne tambayar da ba ta taɓa samun amsarta ba. Tun tana shekara biyu wani ne ke karɓa a madadinta: uwa, kamfani, miji, wakilai. Ba a taɓa zaunar da ita an nuna mata yadda ake karanta takardar banki ba, kuma ita ma, a faɗi gaskiya, tana kashewa kamar ba gobe. An zargi ɗaya daga wakilanta na shekarun 1960, David Begelman, da wawure mata kuɗi masu yawa. Mutumin ya ci gaba da hawa har ya shugabanci sashen fina-finai na kamfanin Columbia, inda a 1977 aka kama shi da sa hannun jabu a cek. Shirinta na talabijin a CBS, wanda ta sa rai zai fitar da ita daga bashi, an ajiye shi daren Lahadi daidai lokacin Bonanza, shirin da ya fi kowane farin jini, aka soke shi a 1964 bayan fitowa 26. Daga wannan shiri ne hoton da YouTube ya jefo mana. Hukumar haraji ta bi ta da bashin shekaru, gidanta na Kalifoniya ya tafi. Da ta koma Palace a 1967, jami'an haraji suka kwashe mafi yawan abin da ta samu.

Akwai wani mai ci da guminta da ba a cika lissafawa ba, wato 'yan kallo. A shekarun ƙarshe mutane da yawa suna sayen tikiti ne da zuciya biyu, ko su ga abin mamaki ko su ga faɗuwa, kuma duk wanda ya samu kuɗinsu ya biya. A Melbourne ta Ostireliya a 1964 ta makara fiye da awa guda, mutum kusan 7,000 suka yi mata ihu, ta bar dandamali. A gidan rawar Talk of the Town a Landan, inda ta yi mako biyar daga ƙarshen 1968, wani dare ta yi abin da ya sa aka miƙe tsaye, wani dare a jefe ta da burodi da kwalin taba. Ba ta da zaɓin zama a gida. Bashi ne ke tura ta, kuma tun 1924 ba ta san wata hanyar zama mutum ba in ba a gaban fitila ba.

Ta yi aure na biyar da Mickey Deans a Maris 1969. Ranar 25 ga watan ta yi wasanta na ƙarshe a Kopenhagen. Ranar 22 ga Yuni Deans ya same ta a banɗakin gidan da suke haya a Landan, ta rasu, kwana 12 bayan ta cika shekara 47. Mai binciken musabbabin mutuwa ya ce ƙwayar barci ce ta yi mata yawa bisa kuskure, ba da niyya ba, a jikin da ya daɗe da sabawa da ita. A Niyok mutum kusan 20,000 suka yi layi don ganin gawarta, James Mason ya yi jawabin bankwana. Ta bar wasiyya da kyaututtuka ga mutane, ba a iya cikawa ba, don bashi ya fi abin da ta bari. A 2017 'ya'yanta suka mayar da kabarinta Holiwud.

Takalmin da aka yi gwanjonsa ɗaya ne daga cikin 'yan ƙafa kaɗan da suka rage. A 2005 yana ajiye a gidan tarihin da aka yi don tunawa da ita a Grand Rapids, wani ya fasa gilashi da guduma cikin dare ya ɗauke. Sai a 2018 hukumar FBI ta gano shi. Ɓarawon, wanda ya amsa laifinsa a 2023 yana tsoho mai jinya, ya shaida wa kotu cewa ya ji an yi wa takalmin inshorar dala miliyan 1, sai ya ɗauka jajayen duwatsun da ke jikinsa yakutu ne na gaske, ya yi niyyar ɓalle su ya sayar. Da ya kai wa dillali, aka duba aka ce masa gilashi ne. Gidan tarihin garinsu ya tara kuɗi don ya dawo da takalmin gida, majalisar jihar Minesota ma ta ware dala 100,000. Tun farkon tayi aka wuce su, kuma wanda ya saya bai bayyana sunansa ba.